Wa Ya Miƙa Wa Yaron Ƙwaya? Hukuncin Manya Masu Shayar Da Yara A Ƙasar Zuru

A ranar 9 ga watan Mayun 2024 Majalisar Dattawan Najeriya ta amince da hukuncin kisa ga masu sarrafawa da safarar miyagun ƙwayoyi. Sanata Ali Ndume ne ya kawo shawarar, Sanata Barau Jibrin na jagorantar zaman, Sanata Adams Oshiomhole kuma ya miƙe ya ƙalubalanci yadda aka yanke maganar rai da mutuwa cikin gaggawa. Majalisar Wakilai ba ta bi sahu ba. Da majalisun biyu suka zauna daidaita ƙudirin gyaran dokar NDLEA, sai aka tsaya a kan ɗaurin rai da rai. A watan Yunin 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa masa hannu, saboda wani sashe da ya ba NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi.

Duk tsawon wannan ja-in-ja, hankali ya fi karkata ga manyan dillalai da kwantenonin da ake kamawa a tashoshin ruwan Legas. Amma abin da ke hana uwa barci a Dabai, ko uba a Ribah da Mahuta da Dirin Daji, ya fi wannan kusa da gida. Ɗansu ɗan shekara goma sha uku bai san hanyar Legas ba, bai san Indiya ba. Wani baligi ne, mai hankalinsa, wanda ya san yaron ya kuma san iyayensa, ya ciro ƙwaya daga aljihu ya miƙa masa. Mene ne hukuncin wannan mutum, kuma wa ke zartar da shi?

Gobarar da ta ci Amurka

Tambayar ta ƙara nauyi ne saboda wata ƙwaya da ake kira fentanil. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Beljiyam, Paul Janssen, ne ya fara haɗa ta wajen 1960, kuma har gobe likitoci na amfani da ita a ɗakin tiyata da wajen masu ciwon daji. Ƙarfinta ya ninka na hiroyin kusan sau 50, ya ninka na mofin kusan sau 100. Miligiram 2 kacal, abin da bai cika bakin tsinken fensir ba, na iya tsayar da numfashin babban mutum. Ba a noma ta a gona. A ɗaki ake haɗa ta daga sinadarai, shi ya sa take da araha ga mai haɗawa, take kuma da sauƙin ɓoyewa.

A Amurka, daga 2021 zuwa 2023, fiye da mutum 100,000 ne ke mutuwa kowace shekara sakamakon shan ƙwaya fiye da kima, kuma a 2022 kaɗai sama da 70,000 daga cikinsu fentanil da danginta ne suka yi ajalinsu. Da yawa daga cikin matasan da suka mutu ba su taɓa neman fentanil ba. Ƙwayar rage ciwo ko ta sa barci suka saya ta waya, ashe jabu ce da aka cuɗa da ita. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta ƙasar ta ce a 2023, bakwai cikin kowace jabun ƙwaya goma da ta gwada na ɗauke da adadin da zai iya kisa.

Wannan ne ya sa 'yan majalisun Amurka suka juya kan masu ba yara. Tun da daɗewa dokar tarayyarsu ta ninka hukuncin baligin da ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, ta kuma ninka na wanda ya yi ciniki kusa da makaranta. A 2023 jihar Texas ta yi dokar da ta ba da damar a tuhumi wanda ya ba da fentanil da laifin kisan kai idan wanda ya sha ya mutu, wasu jihohin kuma suka ƙara shekarun ɗauri musamman ga mai ba ƙaramin yaro. A shekarar ce kuma aka halatta sayar da naloksan, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta shaƙe, ba tare da takardar likita ba. Mace-macen sun ragu zuwa kimanin 80,000 a 2024. Sanda da magani tare suka yi tafiya.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙarshen 2022 NDLEA ta gargaɗi 'yan Najeriya cewa ana yunƙurin shigo da fentanil kasuwannin ƙasar, a 2023 kuma ta sanar da kama masu sayar da ita a kasuwar magunguna ta Ogbogwu da ke Onicha. A Saliyo, gwaje-gwaje sun gano wasu sinadarai masu ƙarfin fentanil, wasunsu ma sun fi ta, a cikin kayan mayen kush da ke kashe matasa, wanda saboda shi Shugaba Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin a watan Afrilun 2024. Wutar ta riga ta shigo Afirka ta Yamma.

Hanyar da tiramol ya share

Abin tsoron shi ne, duk ranar da fentanil ta iso Arewa da yawa, ba za ta nemi sabuwar hanya ba. Tiramol da kodin sun riga sun share mata. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, wato kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, fiye da ninki biyu na matsakaicin duniya. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan rage ciwo irin su tiramol suke sha ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Arewa maso Yamma na da kimanin mutum miliyan 3, Kano kaɗai fiye da miliyan ɗaya, Kebbi kuma kimanin 286,000. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu mace ce. Wannan lissafi daga shekara 15 ya fara, wato 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare ba sa ciki.

Gwamnati ta yi yunƙuri. A ranar 1 ga Mayun 2018, bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda maganin tari mai kodin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, Ministan Lafiya Isaac Adewole ya haramta haɗa shi da shigo da shi. A shekarar ce Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramol. Sai dillalai suka sauya salo. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai, Aveo Pharmaceuticals, ke haɗa tafentadol, wanda ya fi tiramol ƙarfi, da wani maganin saki jijiya, yana zuba su a fakiti masu kama da na tiramol, ana jigilarsu zuwa Gana da Najeriya da Kwaddibuwa. Indiya ta haramta haɗin bayan rahoton. Darasin a fili yake: fakitin na nan yadda aka saba ganinsa, abin da ke ciki ne ke sauyawa. Yaron da ya saba haɗiyar duk abin da aka miƙa masa ba shi da yadda zai bambance na jiya da na yau.

Yadda ake fara wa yaro

Masarautar Zuru da ke jihar Kebbi, mai ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, ƙasa ce ta noma da aikin soja. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauran ƙabilun yankin sun shahara da juriya. Al'adar golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ba shi mata, da kokawar bikin Uhola bayan girbi, duk suna koya wa yaro cewa namiji shi ne mai daurewa. Wannan abin alfahari ne. Amma mai sayar da ƙwaya ma ya san da shi, kuma ta nan yake shiga. Ba ya ce wa yaro ga abin maye. Cewa yake ga maganin ƙarfi, ga maganin gajiya.

Duk wanda ya san ƙauyukan Arewa a tsakiyar damina ya san yadda abin ke tafiya. Ciyawa ta taso, mai gona ya ɗauko yara 'yan ƙwadago, an yi jinga a kan kunya. Kafin rana ta ɗaga, wani babba daga cikin masu aikin, wani lokaci ma mai gonar da kansa, ya ɓare kafso biyu ya zazzage a cikin shayi ko kunu, kofi ya zagaya. Yaron da jiya ya gaji tun kafin azahar, yau sai ga shi yana ta saran ƙasa har la'asar, bai ji yunwa ba, bai ji zafin kantar hannunsa ba. An yaba masa, an ce ya zama namiji. Kafin dawa ta fitar da kai, shi ne ke tambayar ina abin nan, kuma yanzu da kuɗinsa zai saya. Ranar da bai samu ba, jiki ya yi ta ciwo, hanci na zuba, hamma ba iyaka, barci ya ƙaurace. Da rani kuma sai a koma wajen haƙar yashi, dakon kaya a kasuwa da acaɓa, da ƙwayar a aljihu.

Hukumar NAFDAC ta yarda ne da tiramol mai miligiram 50 da 100, shi ma da takardar likita. Wanda ke yawo a faranti da kwali ranar kasuwa, a tsakanin farasitamol da maganin basir, sau da yawa mai 225 ne. Iyakar abin da likita ke ba babban mutum a yini miligiram 400 ne, wato ƙwaya biyu sun riga sun zarce. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yaran da ba su kai shekara 12 ba tiramol da kodin tun 2017. Yawansa na jawo farfaɗiya: yaro ya yanke jiki ya faɗi a bakin gona, yana shure-shure, bakinsa na kumfa, a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi gidan mai magani, alhali wanda ya san gaskiyar lamarin na tsaye a cikin taron.

Ga kuma rashin tsaro da ya ƙara dagula al'amura. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 sun hallaka 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Iyalai da dama sun bar ƙauyukansu sun taru a manyan garuruwa, da marayu da yaran da karatunsu ya yanke. Yaron da ya ga abin da bai kamata ido ya gani ba, ga yunwa, ga rashin mai tsawata masa, shi ne ya fi saurin karɓar abin da zai mantar da shi. Kuma NDLEA ta sha sanar da kama ƙwayoyin da ake kai wa 'yan bindiga daji. Mai sayar wa ɗan makaranta da mai kai wa daji sau da yawa daga rumbu ɗaya suke ɗiba.

Abin da doka ta riga ta ce

Mutane da yawa ba su san cewa hukunci mai tsanani na nan a rubuce ba. Sashe na 25 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta jefa yaro cikin shan miyagun ƙwayoyi ko haɗa su ko safararsu, ya kuma yanka wa wanda ya aikata ɗaurin rai da rai. Yaro a wannan doka shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Da yake sai jiha ta yi tata dokar kafin irin wannan kariya ta yi aiki a cikinta, Kebbi ta daɗe ba ta da ita, har zuwa 2022 da Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jihar.

Dokar NDLEA, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 48 ta 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigowa da mai sarrafawa da mai sayar da hodar iblis da hiroyin da makamantansu, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su a hannu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan safarar ƙwayoyi, wadda Najeriya ke cikinta, ta buƙaci kotuna su ɗauki cutar da yara ko amfani da su, da yin ciniki a makaranta ko kusa da ita, a matsayin abin da ke ƙara wa laifi nauyi.

To ina gizo ke saƙar? Na farko, shari'ar laifukan dokar NDLEA a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ta jihar Kebbi kuma a Birnin Kebbi take zama. Shaidar da zai tashi daga Wasagu ko Bena ya je ya dawo, sau uku ko huɗu, a kan hanyar da ba ta da tabbas, da kuɗin motarsa, da wuya ya kai ƙarshen shari'a. Na biyu, zaɓin biyan tara. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya hau kujerar a watan Janairun 2021, ya sha kokawa kan yadda ake yanke wa dillalai ɗauri tare da zaɓin tara, su biya su koma sana'arsu. Na uku, kuma mafi wuya, shi ne kara. Mai sayarwar ɗan unguwa ne, ɗan wane ne, surukin wane ne. Da an kama shi, kafin a kai shi ko'ina, manya sun yi layi suna roƙo a kashe maganar a gida. Uban yaron da aka lalata wa rayuwa shi ake kallo a matsayin mai neman fitina.

Tsanani da tabbaci

Najeriya ta taɓa gwada iyakar tsanani. Ƙarƙashin dokar soja mai lamba 20 ta 1984, an harbe mutum uku a Legas ranar 10 ga Afrilun 1985 saboda safarar hodar iblis. Ƙasa ta girgiza, aka soke hukuncin kisan a 1986, fataucin kuwa bai tsaya ba. Mutanen Zuru ma suna da nasu abin tunawa, domin ɗansu ne, marigayi Manjo Janar Musa Bamaiyi, ya shugabanci NDLEA a zamanin Janar Sani Abacha har zuwa 1998. Ya rufe wuraren sayar da motoci a Legas da ake zargi da wanke kuɗin ƙwaya, ya kama waɗanda ake ganin sun fi ƙarfin kamu. Masu suka sun zarge shi da wuce gona da iri, amma abokai da abokan hamayya sun yarda cewa a lokacinsa dillali ba ya barci da ido biyu a rufe, don ya san ba a roƙonsa.

Abin da masu nazarin laifuka suka daɗe suna faɗa ke nan: abin da ke hana mutum aikata laifi shi ne sanin cewa za a kama shi kuma ba makawa sai an hukunta shi, fiye da tsawon shekarun da ke rubuce a takarda. Ɗaurin shekara goma da ake zartarwa a kan kowa ya fi rai da rai da ba a taɓa yanke wa kowa ba. Saboda haka masu kiran a tsaurara hukunci suna da gaskiya, amma kiran nasu zai yi amfani ne idan ya nufi mutumin da ya dace, ya kuma toshe ƙofofin da ake zillewa.

Mutumin da ya dace shi ne baligin da ya miƙa. Yaro ba shi da cikakken hankalin auna abin da zai biyo baya, ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba, kuma wanda ya fara shaye-shaye da ƙuruciya ya fi shan wahalar rabuwa da shi. Babban da ya ba shi ya san duk wannan, ko don riba ya yi, ko don a gama masa noma da wuri, ko don ya mallaki yarinyar da yake so ya lalata. Addinin Musulunci da na Kirista da al'adar gargajiya duk sun haɗu a kan cewa yaro amana ne. Cin wannan amana bai kamata ya zo daidai da cinikin baligi da baligi a ma'aunin shari'a ba.

Yaron kuma majinyaci ne

A nan ne ake yawan yin kuskure. Idan aka tashi kamen 'yan ƙwaya, yaran ake tarkatowa daga kangwaye da bakin rafi, a aske musu kai, a zane su, a nuna su a gaban jama'a, mai sayarwar kuma na zaune a shagonsa. Yaron da aka kulle tare da manyan masu laifi, da sabon ilimin ɓarna yake fitowa. Iyayen da suka rasa yadda za su yi kan kai nasu gidajen mari, kuma kowa ya ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019: ɗaruruwan mutane, har da ƙananan yara, cikin sarƙa da tabon duka. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato da Barnawa a Kaduna sun yi wa talakan Sakaba nisa. Dokar da za ta ɗaure mai bayarwa dole ta zo da wurin jinyar wanda aka ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane gida ya sani. Wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka fi ƙarfinsa, numfashinsa kan ragu ƙwarai, ya riƙa minshari mai nauyi, baƙin idonsa ya tsuke ya koma ɗan ɗigo, leɓensa ya sauya launi, a girgiza shi bai farka ba. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake, kada a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. Allurar naloksan na dawo da numfashi cikin 'yan mintuna, ya kamata kuma a ce tana nan a babban asibitin Zuru da duk asibitocin yankin.

Aikin da ke gaban kowa

Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara sashen da ya hana ƙudirin NDLEA wucewa, ta soke zaɓin tara ga dillalai, ta kuma fito fili ta ware ba yaro ƙwaya, da ciniki kusa da makaranta, a matsayin laifi mai hukunci na daban. Gwamna Nasir Idris da Majalisar Dokokin Jihar Kebbi su tabbatar dokar kare yara ta 2022 ta fito daga cikin durowa: a fassara ta da Hausa da C'lela, harshen Lelna, a karanta ta a rediyo, a horar da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara a kanta, a ɗauki nauyin zirga-zirgar shaidu. Hukumomin da suka rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Garin Kano a watan Fabrairun 2024 su tuna cewa kasuwannin ƙauye ma na buƙatar ido. Ƙungiyar masu kemis ta fitar da baragurbin cikinta da kanta, domin mafi yawansu mutanen kirki ne da jama'a ke dogaro da su inda babu likita.

Masarauta, hakimai da dagatai, limamai da fastoci, su yanke shawara guda su sanar a bainar jama'a: babu wanda zai sake zuwa roƙo ko beli ga mutumin da aka kama yana ba yaro ƙwaya, ko ɗan wane ne. Manoma masu ɗaukar 'yan ƙwadago su san abin da ake zubawa a shayin gonarsu, don alhakin na wuyansu.

Kai kuma mai karatu, wataƙila ka san shagon, ka san mai farantin, ka san lokacin da yara ke zagayawa bayan kasuwa. Shirun da kake yi don ba ɗanka ba ne, shi ne jarin da mai sayarwar ya fi dogaro da shi. Ka kai maganar ga mai unguwa ko ofishin NDLEA mafi kusa, ka kuma tsaya a bayan iyayen da suka yi ƙarfin halin kai ƙara. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su daga hannun masu cin amana.